Takardun kasuwanci a Yamai: a wane rukuni aka sa ku, me kuka tarar?

Maman Biyu, tela a Yantala:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon ɗinki, keke huɗu, tela ɗaya da nake biya wata-wata da yara uku masu koyo. Wata makarantar kuɗi ta so in ɗinka mata kayan ɗalibai, sai suka ce in kawo NIF, wato lambar mai biyan lanfo (haraji), da rajistar kasuwanci. Ni kuwa tikitin magajin gari kaɗai nake biya. Waɗanda suka yi takardun nan, don Allah ku faɗa mini abin da kuka gani da idonku. Tsorona kada a lissafa ni cikin manya, lanfo ya fi ƙarfina.

Alhaji mai kayan gini, Katako:
Wa alaikumus salam, 'yata. Tikitin magajin gari daban, lanfo daban. Ni a Maison de l'Entreprise, ofishin buɗe kamfani, na yi nawa, wuri guda aka haɗa mini RCCM, wato rajistar kasuwanci, da NIF. Ki lura da harafin da ke ƙarshen lambar NIF: P na ƙananan da ke biyan lanfon dunƙule, S na tsakiya, R na manya. Da P na fara. Da cinikin siminti ya buɗe aka ɗaga ni zuwa S, nan fa aiki ya sake kama: sai da na ɗauki mai lissafi, kowane buhu da takardarsa. Abin da ya fi yi mini ciwo, jimillar ciniki ake dubawa, ba riba ba. Kuɗi masu yawa na ratsa hannun mai siminti, amma abin da ke saura masa a buhu bai taka kara ya karya ba.

Mai lissafi, Plateau:
Gaskiya Alhaji ya faɗa. Maman Biyu, ma'auni biyu ne mutane ke cuɗawa. In ana maganar mafi ƙanƙanta, ƙarami ko matsakaicin kamfani, ana duba yawan ma'aikatan dindindin, cinikin shekara da jari. Ofishin lanfo kuwa cinikin shekara ya fi sa wa ido. A dokar lissafi ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, da aka sabunta a 2017, wanda cinikinsa bai kai sefa miliyan 60 a saye da sayarwa ba, ko 40 a sana'ar hannu, ko 30 a aikin hidima, littafin shige da ficen kuɗi ya ishe shi. Tun 2010 kuma dokar kasuwanci ta OHADA ta tanadi matsayin entreprenant don mai ƙaramar sana'a shi kaɗai, wanda bayyana aikinsa kawai yake yi. Ki tambaya a kai idan kin je.

Ɗan Wadata:
Ni dai ban yi ba, kuma ina da dalili. Waya da caja nake sayarwa, yau ciniki gobe babu. Maƙwabcina ya yi takardu, kasuwa ta mutu masa, ya rufe shago ya tafi Agadas. Da ya dawo ya tarar lanfo ya taru a kansa. Wa zai kai kansa?

Mai lissafi, Plateau:
Ƙanena, wanda ya daina aiki wajibi ne ya je ya sanar a rubuce. In bai sanar ba, a takarda shagonsa a buɗe yake. Wannan kam ya kamata a riƙa faɗa wa kowa tun ranar da ya karɓi lambarsa, don mutane da dama sun faɗa wannan ramin.

Hajiya mai dambu da kilishi:
Ƙanwata, ki yi. Kafin in yi nawa, da sunan wani ɗan uwan maigidana nake kai kaya wani otel. Faktir, wato takardar ciniki, da sunansa, kuɗi a asusunsa, kuma sai ya cire rabonsa kafin ya miƙo mini. Ni ke tashi da asuba in yanyana nama, in shanya a kan karan dawa, in tsaya kan wuta har idona ya yi ja, amma a banki babu wata shaida cewa ina aiki. Ranar da na nemi bashin sayen firiji, cinikin duk nasa ne a takarda. Yanzu da sunana nake sa hannu. Sai dai ki sani, kwangilar gwamnati ba ta samuwa sai da ARF, takardar da ke nuna ba a bin ki lanfo, kuma manyan masu saye da yawa faktir mai tantancewa ta na'ura suke so.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai. Saura biyu: TVA fa, lanfon da ake ɗorawa a kan farashin kaya? Kuma yaran nan masu koyo, su ma ma'aikata ne?

Mai lissafi, Plateau:
TVA kashi 19 ne cikin 100, amma mai lanfon dunƙule ba ya ɗora ta a kan faktir, don haka ki faɗa wa makarantar rukuninki tun kafin ku yanke farashi. Telan da kike biya albashi ma'aikaci ne, ki yi masa rajista a CNSS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa. Masu koyo kuwa a rubuta yarjejeniyar koyon sana'a tsakaninki da iyayensu. Ki sayi littafi yau, ki fara rubuta kuɗin ɗinki daban, kuɗin cefane daban, don da wannan littafin za ki kare kanki idan aka ƙiyasta miki ciniki fiye da naki.