Injin 22R ya gaji: in sake gyara ko in canza?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da tsohuwar a-kori-kura Hilux mai injin 22R, da ita nake ɗauko albasa daga Goronyo zuwa cikin Sakkwato. Tun zafin bara take tafasa ruwa. An wanke lagireto, an canza gaskit sau biyu, an sa sabbin ringi, amma har yanzu tana shan baƙin mai, kuma da safe sarƙar taimin na ƙara kamar ana kaɗa gwangwani. Jiya na buɗe murfin baƙin mai na ga ya koma fari-fari kamar kunu.

Bakanikena ya ce in sa injin 3RZ ɗan Kwatano, mai lita 2.7. Ƙarfi kam ya fi, sai dai ba kafireto gare shi ba, sai an haɗa masa wayoyi da kwamfutar injin. In ya mutu mini a hanyar Wurno, wa zai taɓa shi? Wani kuma ya ce in sa injin dizal mai suna 2L, ni kuwa tsadar gas ke ba ni tsoro.

Wanda ya taɓa sa 3RZ, don Allah, giyabos ɗina zai hau ko sai na sayi nasa?