Wai dole sai na ƙirga kalori na kayan marmari da ganye ne?

Maman 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar rage ƙiba ku taimaka min da shawara. Tun bayan ƙaramar sallah na fara, saboda gwiwata ta dame ni in na hau bene sai na tsaya hutawa, likita yace in sauke ko kilo goma ne. Na fara a kilo 94, watan farko lafiya lau na dawo 91 har ina ta murna, toh yau sati biyar kenan sikeli ya tsaya cak, wlh ko ɗigo bai motsa ba.

Da safe shayi ba suga da dafaffen ƙwai biyu, da rana tuwo malmala ɗaya ko shinkafa ƴar kaɗan, da daddare kwaɗon zogale ko salak. Duk wannan ina rubutawa a wata manhaja mai ƙirga kalori a wayata. Abinda bana rubutawa shine kayan marmari da ganye, don wata ƙawata tace min su ba a lissafa su, ki ci iya cinki. Kuma kun san lokacin mangwaro ne, maigidan in ya bi ta 'Yan Lemo kwando guda yake sauke mana, ni kuma in yunwa ta taso bana taɓa biskit, mangwaro nake ɗauka, a wuni zan sha huɗu ko biyar, ga ayaba kamar biyu, in kwaɗayin zaƙi ya motsa kuma in ɗebi dabino. Shin su ne suka riƙe ni ko jikina ne ya saba? Kuma in dole a ƙirga, har su kabeji da tumatir zan dinga aunawa? Don gaskiya in abin ya kai haka ban ga ranar da zan iya ba.

Ummu Sadiq:

Wa alaikumus salam. Ni dai ban taɓa ƙirga na ganye ba kuma na sauke kilo takwas. Amma Maman 'Yan Biyu mangwaro biyar a wuni?? Ai ko yaro ne sai a ce ya isa haka. Ƙawar nan taki rabin zancen ta gaya miki.

Anti Nas:

'Yar uwa sannu da ƙoƙari, kilo uku a wata ɗaya ba wasa bane, kar ki karaya. Bari in miki lissafin a hankali ki gani da idonki.

Duk abincin da ya shiga ciki yana da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, bambancin dai yawa ne. A giram 100, kokwamba da latas wajen 15 ne, tumatir 18, alayyahu 23, kabeji 25, kuɓewa wajen 33, karas 41. Wato ko kin cinye rabin kilo na kabeji, wanda na san ba za ki iya ba, 125 ne kawai, kusan daidai da cokali ɗaya na man gyaɗa. Waɗannan kam kar ki wahalar da kanki, ni ko a asibiti bana ce wa kowa ya auna kabeji, ki cika faranti da su abinki.

Kayan marmari kuma hawa-hawa ne. Kankana 30, gwanda 43, lemo 47, abarba 50, mangwaro 60, ayaba 89, dabino kuma ya haura 270 saboda busasshe ne, ruwan ya tafi sai sugan ya rage a dunƙule. Mangwaro madaidaici in kin cire ɓawo da ƙwallo zai baki nama giram 150 zuwa 200, wato kalori 90 zuwa 120, manyan nan kuma har 200 suna kaiwa. Biyar ɗinki kenan sun tasam ma 500 ko fiye. Ayaba biyu wajen 200. Dabino ƙanana ƙwara ɗaya wajen 20 ne, kuma na san ba uku kike ci ba tunda kince ɗiba kike, mu ce goma, 200 kenan. Haɗa ki gani, kusan 900 a wuni da ba a rubuta ko'ina ba. Shi kuma mai rage ƙiba abinda ake so ya rage daga abincinsa wajen 500 ne a rana, shine zai ba da kusan rabin kilo a sati, kinga abinda kika rage daga tuwo da suga kin maido shi ta bayan gida har da ƙari.

Ita maganar ƙawarki tana da asali. Akwai tsarin rage ƙiba na Turawa irin su Weight Watchers da suke ba wa ɗanyen kayan marmari maki sifili, amma dabara ce don mutum ya ɗauki tufa maimakon cakulan, ba wai babu kalori a ciki bane, kuma su ma ba su yi lissafin mai kwandon mangwaro a tsakar gida ba. Hukumar Lafiya ta Duniya abinda tace aƙalla giram 400 na ganye da kayan marmari a haɗe a rana, kuma ta cire dankali da rogo da sauran masu sitaci daga wannan lissafin. Na faɗi haka ne don na sha jin mata suna cewa ai dankalin Hausa da doya kayan lambu ne, a'a, su sahun tuwo suke, doya ma wajen 118 take a giram 100, rogo 160.

Kar ki daina shan mangwaro, yana da bitamin C da A, lokacinsa kuma ɗan kaɗan ne. Ɗaya a rana, in kin matsu biyu, ki rubuta shi. In yunwa ce ta gaske kankana ko kokwamba ko yalo sun fi cika ciki da kalori kaɗan.

Dan Terminus:

Hajiya kowa ya taru a kan mangwaro, ni kuwa kwaɗon nan na dare nake kallo, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ni ma na yi wannan kuskuren lokacin da nake fama da tumbi, kullum da yamma in sayi kwaɗon zogale ko rama in ce ai ganye nake ci, ashe ganyen ne kaɗai mara laifi a cikin kwanon. Ƙuli-ƙuli fa gyaɗa ce, gyaɗa kuma ta haura kalori 550 a giram 100, ko da an matse man ai cikin mai ake sake soya shi, sannan a daka a zuba hannu biyu, a kawo soyayyen mai a kwarara a kai har yana ƙyalli. Cokalin cin abinci ɗaya na mai wajen 120 ne, ko na gyaɗa ko manja ko zaitun duk ɗaya, kar wani ya ruɗe ki da cewa na zaitun baya sa ƙiba. Wa yake zuba cokali ɗaya a kwaɗo tsakani da Allah?

Salak ma haka, mu nan Jos kayan lambu kamar a kyauta, amma salak ɗin biki da ake lafta masa Bama da waken gwangwani da ƙwai da dankali, wannan ai ya fi farantin shinkafa nauyi. Bama cokali ɗaya ta kusa 100. Ni yanzu lemon tsami nake matsawa da ɗan gishiri da yaji, mai cokali ɗaya na auna, ƙuli kuma cokali biyu, daɗin bai kai na da ba gaskiya amma wando na ya dawo yana shiga.

Hajiya Babba:

Ni fa yaran nan kuna ban mamaki, yanzu har abinci sai an ɗora a sikeli kamar masu sayar da gwal. Ɗiyata ta yi wannan ƙirge-ƙirgen wata biyu ta koma kamar mai aljanu, ko goro aka miƙa mata sai ta duba waya, ƙarshe ta gaji ta watsar ta dawo ta fi da. Maman 'Yan Biyu ki ji ta nan, raba farantinki biyu, rabi ganye, sauran rabin ki raba tsakanin tuwo da nama ko wake ko kifi, kayan marmari kuma abinda zai cika tafin hannunki sau biyu a wuni, shikenan. Dabino uku ya isa, dama mu da uku muka saba buɗa baki. Kuma ki ce wa maigidan ya dinga rabawa maƙwabta kwandon nan, ga lada ga sauƙi, don abinda ido ke gani shi hannu ke kaiwa.

Anti Nas:

Hajiya gaskiyarki, ba kowa ƙirga ke yi wa daɗi ba, wasu har damuwa take sa musu, wanda ya ga abin ya fara hana shi sukuni gara ya koma tsarin faranti. Ni dai ina ganin ta yi na sati biyu kawai don idonta ya san girman abu, daga nan ta ajiye sikelin.

Na manta ban faɗi maganar jus ba. Kofi ɗaya na ruwan lemo sai an matse kamar uku, kalori wajen 110, ki shanye a minti ɗaya ko ƙoshi babu, ita Hukumar Lafiya ma sugan jus tana lissafa shi ne tare da sugan da ake zubawa a shayi. Kuma yadda muke shan lemo a nan, a fere a yanke kai a tsotse ruwan a yar da sauran, ai jus ɗin ne muka sha, abin cikin da muke yarwa shine mai riƙe ciki. Ki yanka shi huɗu ki cinye da naman. Kunun aya da ake markaɗawa da dabino da kwakwa shima a rubuta shi, ba ruwa bane. In kuma akwai ciwon suga ko kina shayarwa ki koma wajen likitanki kafin ki rage komai sosai.

Maman 'Yan Biyu:

Innalillahi, wlh kun ban kunya a gaban kaina. Ɗazu na ari sikelin maƙwabciyata mai yin kek na yanka mangwaro ɗaya na auna naman, giram 210, kuma ba shine babban cikin kwandon ba. Dabinon da nake ɗiba na ƙirga, goma sha uku ne a hannu ɗaya. Malam Dan Terminus kuma kamar kana leƙen kicin ɗina, man kwaɗon ma da ludayi nake zubawa ban taɓa rubuta shi ba, zogale kawai nake sa wa a manhajar in ga ta nuna ɗan kaɗan in ji daɗi. Ba ni da suga Alhamdulillah, yaran ma na yaye su tun bara. Hajiya Babba an aika wa maƙwabta rabin kwandon, sauran yara za su gama da shi. Tambaya ɗaya ta rage, rake fa? Don akwai mai baro da yake tsayawa a ƙofar gidanmu kullum bayan la'asar.

Dan Terminus:

Hajiya rake ai shi ake kaiwa kamfani a yi sugan da kika daina sa wa a shayi. Gaɓa biyu ki rubuta, mai baron kuma ki ce masa ya koma layin baya.