Tambaya kan karin maganar Turanci "money doesn't grow on trees"

Ɗaliba:
Assalamu alaikum malamai. Me Turawa ke nufi da "money doesn't grow on trees"? Kuɗi kaɗai ake faɗa wa haka, ko ana iya sa wani abu a gurbinsa?

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam. A zahiri cewa suke kuɗi ba ya tsirowa a kan bishiyoyi. Nufinsu, abin ba a banza ake samunsa ba, sai an sha wuya, don haka a yi tattali. Galibi iyaye ke faɗa wa yaro idan ya matsa a saya masa abu. Ana iya sauya kuɗin da duk abin da ke wuyar samu: "good mechanics don't grow on trees", wato ƙwararren bakanike ba ko'ina ake samunsa ba.

Nahawun ne ke kayar da ɗalibai. A Turanci ba a ƙirga "money", shi ya sa yake ɗaukar "doesn't", jam'i irin "jobs" kuma ya ɗauki "don't". "On" ake cewa, ba "in" ba, sannan "trees" jam'i ne, babu "the" a gabansa. Da zarar kin ce "on the tree", kin koma zancen wata bishiya takamaimai, karin maganar ya lalace. Kusan kullum da korewa yake zuwa. In kin ji shi babu korewa, to galibi tambayar gatse ce: "Do you think money grows on trees?"

Mai Fassara:
Ƙari kan bayanin Malam, 'yar'uwa: maganar na da ƙamshin faɗa, kada ki sa ta a wasiƙar ofis ko ki faɗa wa wanda ya girme ki. A 2017 Firaministar Birtaniya Theresa May ta ce wa wata ma'aikaciyar jinya da ta koka kan albashi babu "magic money tree", wato bishiyar sihiri mai haifar da kuɗi, kuma ta sha suka a kai.

Wajen fassara, "kuɗi ba a ƙasa ake tsintarsu ba" ya fi zama a kunne. Kada kuma ki haɗa shi da "the apple doesn't fall far from the tree". Wannan gadon hali yake nufi, kusa da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mai Karatu:
Idan an faɗa wa yara wannan karin magana, sukan mayar da martani cewa ai kuɗi takarda ne, takarda kuma daga itace take. Hujjar ba ta ci a kan dalar Amurka: kashi 75 na takardarta auduga ne, kashi 25 lilin.