Ramukan rauta sun cika, yaya ake ƙara suwic ba tare da an rikita komai ba?

Mai tambaya: Jama'a barkanmu. Rauta mai ramuka huɗu ce kuma duk sun cika, ga talabijin da kwamfutoci biyu a bene suna jiran waya. Waɗanda suka saba da aikin nan, me ya kamata a kula da shi?

Mai haɗa sadarwa: Malam, nemi suwic, wato akwatin da ke ƙara ramukan wayar intanet, mai gudun gigabit (megabit 1,000 a daƙiƙa), irin wanda ba ya buƙatar saiti. Waya ɗaya daga ramin LAN na rauta (ramin da ake soka na'urorin gida) zuwa kowane rami na suwic, shi ke nan. Ka tuna mai ramuka 8 bakwai zai ba ka, ɗaya na wayar rauta ne. In za ka ƙara na biyu da na uku, kowanne ya ja wayarsa kai tsaye daga babban suwic, wato na farko. Jera su wannan bayan wancan yana aiki, amma na'urorin da ke ƙarshe duk za su raba gigabit ɗaya na wayar tsakani, kuma in na tsakiya ya mutu, na bayansa sun tafi.

Dattijon fasaha: Abin da ya fi kayar da mutane shi ne zagaye: a haɗa suwic biyu da waya biyu wai don ƙarin gudu, ko a soka kan waya ɗaya duka biyun a suwic guda. Saƙon da ake watsa wa kowa sai ya yi ta kewayawa yana ninkuwa, babu mai tsayar da shi. Za ka ga fitilun ramuka duka suna ƙyaftawa tare da sauri, intanet ta tsaya cak, har Wi-Fi. Manyan suwic masu STP, wato tsarin gano zagaye, suna toshe hanya ɗaya da kansu, masu arha da yawa ba sa yi. Maganin: cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya har fitilu su lafa. Kuma don Allah a riƙa manna wa kowace waya suna a kai biyun.

Mai matse kan waya: Sau da yawa suwic lafiyarsa ƙalau, waya ce. Waya nau'in Cat5e ta isa gigabit har mita 100, kar a wuce. Gigabit na buƙatar zare takwas duka. Ɗaya ya kuskure a cikin kan RJ45 (kan da ake matsawa a bakin waya), layin na iya komawa megabit 100 shiru, domin wannan gudun zare huɗu kawai yake so; in kuwa daga cikin huɗun nan ne, layin na iya ƙin aiki gaba ɗaya. A matse kai biyun da tsarin jera launukan zare na T568B, a gwada da na'urar gwaji kafin a binne a bango.

Hajiya mai kwamfuta: In akwai tsohuwar rauta a ajiye, za ta yi aikin suwic. Kashe DHCP ɗinta, wato abin da ke raba wa na'urori adireshi, canza mata adireshi kar ya yi karo da na babbar, sannan a soka a LAN, ba WAN (ramin da intanet ke shigowa) ba. In aka bar DHCP biyu, wasu na'urori za su karɓi adireshin da ba ya kaiwa intanet. Duba ramukanta ma, tsofaffi da dama megabit 100 ne.

Mai saka kyamara: Masu shirin kyamara su sayi suwic mai PoE, wato mai ba kyamara wuta ta cikin wayar intanet, su kuma duba jimillar wat ɗinsa, ba na rami ɗaya kawai ba. Nau'in PoE na 802.3af wat 15.4 yake bayarwa a rami, 802.3at kuma 30. A nan wayar jan ƙarfe zalla ake so. Ta CCA, alminiyam ce aka shafe da jan ƙarfe, tana zafi tana cinye wuta a hanya mai nisa.