Neman shawara: idon ruwan da Baba ya ce yana bakin rafin gonarmu, na je sau biyu ban gan shi ba

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona a bayan duwatsun Shere kusa da Jos, inda wani rafi ya ratsa. Tun muna yara yake ba mu labarin wani idon ruwa a gefen rafin, wai ko bazara ta kai bazara ba ya ƙafewa, daga shi suke sha lokacin da suke noman dankalin Turawa. Ni a unguwar Gangare cikin Jos na tashi, ban taɓa raka shi wurin ba. Yanzu ina so in fara lambu, kuma ɗaukar ledar fiya wata a babur daga gari kullum don masu aiki ba abin da zan jure ba ne.

Na je sau biyu a watan Agusta. Ciyawa ta fi tsawona, duk inda na duba ruwa ne ke tsatsowa, na rasa wanne ne idon, wanne ne ruwan sama. A zuwa na biyu na zame a kan falalen dutse, gwiwa ta kumbura, waya ta faɗa ruwa. Yaya ake gane idon ruwa na gaskiya? Wane lokaci ya kamata in koma? Idan na same shi, ana iya sha haka nan?

Malam Isiyaku mai lambu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗana, kai ma dai, wa ke neman idon ruwa a Agusta? A damina kowane dutse a Filato hawaye yake yi. Ka haƙura sai ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, kafin ruwan farko na Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, rafin ya koma zare. Duk abin da ka tarar yana ɗiga a lokacin, shi ne dahir.

Ranar da za ka je, kada ka fara sauka cikin rafin. Hau tudu tukuna ka kalli kwarin daga sama. Ƙasa duk ta yi fari fat da toka-toka, sai ka hango wuri guda ya yi kore shar kamar an shimfiɗa darduma, ba a cikin rafin ba, a ɗan saman gaɓarsa. To can za ka nufa. Ka lura da itatuwa: malmo, ɓaure, tukurwa, ba sa nisa da ruwa. Idan ka matso za ka ga gansakuka a jikin dutse, ka ji ƙudan zuma na shawagi, ƙasa ta fara lotsawa a ƙarƙashin takalminka. Shekara ashirin da wani abu ina lambu a bakin Dilimi ta wajen Naraguta, wannan alamar ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ummu Sadiq:
Allah ya jiƙan magabata, ya ba da sa'a. Ina nan ina karatu, mu ma muna da irin wannan a ƙauyenmu.

Injiniya Garba:
Maganar Malam Isiyaku haka take, bari in ƙara dalili. Jos na kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta kai mita 1,829, ga ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara. Shi ya sa manyan koguna irin su Kaduna da Gongola daga wannan tudun suka samo asali. Ruwan da ya sauka yana nutsewa cikin marmara da ruɓaɓɓen dutse, sai ya ci karo da yumɓu ko dutsen da ba ya hudawa, daga nan ya bi gefe yana neman mafita. Inda rafi ya yanke gangaren ya tono wannan mahaɗar, nan ruwan ke fitowa. Saboda haka ka riƙa duban gaɓar rafin kamar an yanka burodi: inda jar ƙasa ta sama ta haɗu da dutse ko yumɓu na ƙasa, bi wannan layin da ido. Wani lokacin kuma ta tsagar dutse yake fitowa.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ruwan yashi. Ka tona rami a yashin rafi ruwa ya taru garau, ka ce ka samu ido, alhali ruwan rafin ne yashi ya tace. Ga yadda za ka bambance. Idon gaskiya yakan fito daga saman inda ruwan rafin yake, ya gangaro ya shiga rafin, ba rafin ne ke ba shi ba. Sa hannu ɗaya a rafi, ɗaya a idon: da rana a Maris za ka ji na idon ya fi sanyi, da asuba a lokacin hunturu kuma ya fi ɗumi, har wani ɗan tururi yake yi, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa bai cika sauya yanayi ba. Sannan in an yi ruwan farko ka koma washegari. Rafi zai yi ja wur. In idon ma ya yi ja, to ruwan saman ƙasa na shiga cikinsa, ba daga zurfi yake zuwa ba.

Ka tafi da jarka mai lita 25 da agogo. In ta cika a minti biyar, lita biyar ke nan a minti, lita 300 a awa, 7,200 a kwana guda. Wannan ya ishi sha da ɗan lambu in ka yi wurin tarawa. In kuwa sai ta yi rabin awa, na sha ne kawai, kada ka sayi injin ban ruwa saboda shi.

Bello na Rugga:
Duk wannan lissafin yana da kyau, amma ni da na yi kiwo nake gaya maka, tambaya ta fi sauƙi. Bi sawun shanu da rani. Hanyar da ka ga ta bar rafi ta ɗan hau gefe ba dalili, sau da yawa ruwa take nufa. Kuma makiyayin da ke wannan dajin ya san kowane ido da sunansa. Matan ƙauyen ma haka, su da ke ɗiba kullum.

Amma ka ji wannan da kyau. Kada a gan ka kai kaɗai, baƙo, kana leƙe-leƙe a bakin rafi da waya a hannu. Ka san halin da ake ciki a Filato, ƙaramin zato kan zama babbar magana. Fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci, ka gaishe shi, ka ce kai ɗan wane ne, ya haɗa ka da yaro ɗaya. Da ɗan gari a kan ci gari. Kuma ko idon ya faɗo cikin gonarku, in ka tarar mutane da dabbobi na sha tun da daɗewa, kada ka wayi gari ka kewaye shi da waya. Rigimar da na gani da idona a kan mashaya ta fi wadda na gani a kan gona.

Ɗan Bauchi Road:
Ni dai shawarata ka tafi da addu'o'inka, irin wuraren nan masu wurin ba sa son hayaniya, lol. Amma maganar sha, ai ruwan ido ba ya buƙatar komai. Ruwan Swan da muke saye da tsada ba daga idon ruwan Kerang yake ba, can Mangu?

Maman Ummi:
Ɗan Bauchi Road, Swan daga Kerang yake, gaskiya ne, amma ba da ƙwarya suke kamfata su zuba a gora ba, wuri ne da aka killace, ana tacewa ana gwadawa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, duk damina ina ganin abin da amai da gudawa ke yi wa yara, kuma iyayen sukan ce ai ruwan garau yake. Ƙwayar kwalara da ta taifot ba a ganinsu da ido.

Baban Khalifa, in ka samu idon, hau samansa ka zagaya. Akwai masai ko inda ake bahaya? Akwai makwancin shanu, ko gonar da ake zuba taki da maganin feshi? Masai ya kamata ya yi nisan aƙalla mita 30, kuma kada ya zama a sama da idon. Kafin a gwada, a tafasa ruwan ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur, ko a sa WaterGuard yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Alif kwantar da laka kawai yake yi, ba ya kashe cuta. Sannan akwai abin da tafasawa ba ta cirewa. A yankin Langtang an san matsalar sinadarin fuloraid da ke ɓata haƙoran yara, kuma ba mu manta gubar dalma ta Zamfara a 2010 ba, da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan da ake haƙar zinare. Nan ƙasar haƙar ma'adinai ce, don haka ka kai ruwan ɗakin gwaji, a jami'a ko hukumar ruwa. Su ba ka kwalbarsu mai tsabta, ka sa ta a cikin kula mai ƙanƙara, ka kai a ranar.

Kuma ka daina shiga rafin ba takalmi. Inda ruwa ya kwanta akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya, ta fata take shiga, sai mutum ya ga jini a fitsari. Sayi dogon takalmin roba irin na masu lambu.

Ɗan Bauchi Road:
Na karɓi gyara, Hajiya. Na janye.

Pam:
Ni ba Bahaushe ba ne amma a nan aka haife ni. Maganar "masu wuri" da aka yi da wasa, akwai gaskiya ta wani ɓangaren. A ƙauyukanmu, na Birom da Afizere da Anaguta, wasu kurmi da idanun ruwa wuraren al'ada ne, akwai inda ba a sare itace, akwai inda baƙo ba ya shiga sai da izini. Ba lallai ka yarda da abin ba, amma ka tambaya kafin ka ɗaga adda. Kuma itatuwan nan da aka hana sarewa su ne suka riƙe ruwan.

Alhaji Sabo Rikkos:
Abu biyu. Na ɗaya, kada ka ga tafki shuɗi a kwance ka ɗauka ido ne. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka fara haƙar kuza a ƙasar nan, ramukan da suka bari sun cika da ruwa daga Rayfield har Bukuru da Barikin Ladi, bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a magana, sun ci yara da yawa. Na biyu, in ka ga hadari ya haɗu ta kan duwatsu, fita daga kwarin ko da inda kake rana ake yi. Mu 'yan Rikkos da Gangare mun ga ambaliyar Yulin 2012, cikin dare ruwa ya zo ya tafi da mutum sama da talatin. Ka tafi da sanda kana bubbuga ciyawa, macizai irin su kasa na son wuri mai laima da rani. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, asibiti kai tsaye.

Injiniya Garba:
Na manta abu ɗaya. In ka same shi kada ka sa diga a bakin idon don ya ƙaru, kada kuma ka toshe shi da siminti ruwa ya taru ya danne shi. In ya ji nauyi sai ya sauya hanya ya ɓulla wani wuri, ko ya ɓace maka. Akwatin siminti ake yi a ɗan ƙasa da shi, a jera tsakuwa a baya, a sa bututun ɗiba da na ambaliya, a haƙa lambatu a sama don kore ruwan damina. Ka bar kwatami a ƙasa don dabbobi, kamar yadda Bello ya nuna.

Baban Khalifa:
'Yan uwa na dawo da labari, ku yi haƙuri da jimawa, jiran Maris na yi. Na fara da gidan mai unguwa da goro da sabulu. Ina faɗin sunan Baba sai wata tsohuwa da ke tsince acca a tsakar gida ta ɗago ta ce, "Kai ne ɗan mai dankali?" Ita da kanta ta sa jikanta ya kai ni. Wallahi wurin bai fi taku hamsin daga falalen da na faɗi ba, a ɗaya gaɓar, ƙarƙashin wani ɓaure, sama da rafin da kamar tsayin mutum. Ruwan na fitowa ta tsagar dutse, sanyi ƙalau, an ajiye wata tsohuwar ƙwarya a gefe. Jarka ta cika a minti tara, Injiniya sai ka yi min lissafi.

Gidaje shida ke sha a wurin, da wata ruga daga Janairu zuwa saukar ruwa, don haka maganar waya babu ita. Mai unguwa ya ce in zan yi akwatin za su kawo yashi da duwatsu, ni in kawo siminti da bututu. Sai dai Maman Ummi, akwai gonar tumatir a sama da shi, kamar taku arba'in, kuma na ga gwangwanayen maganin feshi a yashe a kunya. Na karɓo kwalbar gwajin, ranar Litinin da sassafe zan ɗebo. In sakamako ya fito zan turo miki ki duba min, don ba lallai in gane abin da suka rubuta ba.