Kuɗin shigar gidaje a gundumomin Amurka: me ke ɓata lissafin shekara da shekara?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ana so a nuna yadda kuɗin shigar gida na tsakiya ya sauya a wata gunduma ta Amurka daga 2000 zuwa yau, wato adadin da rabin gidaje ke samun fiye da shi, rabi kuma ƙasa da shi. Waɗanda suka saba da alƙaluman nan, ina ake tuntuɓe?

Malamin ƙididdiga: Wa'alaikumus salam. A fara da zaɓen tushe. Hukumar Ƙidaya ta Amurka tana da biyu. Na farko shi ne ACS, binciken gidaje ne da ke fitowa iri biyu, na shekara ɗaya da na shekara biyar a haɗe. Teburin B19013 ke ɗauke da adadin tsakiya. Na shekara ɗaya sai gundumar da ta kai mutum 65,000, ƙananan kuwa sai na shekara biyar. Na biyu shi ne SAIPE, shirin kimanta kuɗin shiga da talauci na ƙananan yankuna, yana ba kowace gunduma adadi duk shekara, domin yana haɗa ACS da bayanan haraji da wasu bayanan gwamnati. Don jerin shekaru, SAIPE ya fi dacewa, amma akwai karaya: har 2004 a kan wani binciken gidaje daban mai suna CPS aka gina shi, daga 2005 aka koma ACS. Tsallen da aka gani tsakanin shekarun biyu yana iya zama na sauyin hanya kawai. A yanke layin a wurin, a rubuta dalili.

Mai nazarin kasafi: Malam, a ƙara da hauhawar farashi. SAIPE na kowace shekara da dalar shekararsa yake fitowa, shi ya sa layin kan yi ta hawa ko da gidajen ba su ƙaru da komai ba. A ninka adadin tsohuwar shekara da ma'aunin farashin shekarar ƙarshe, a raba da na tsohuwar. Ma'aunin farashi mai suna R-CPI-U-RS ake amfani da shi. ACS na shekara biyar kuwa an riga an mayar da shi dalar shekarar ƙarshe, don haka 2013-2017 dalar 2017 ce. Masu ɗaukarsa a matsayin dalar 2015 don ita ce tsakiya suna gyara abu sau biyu.

Mai duba rahotanni: Ni abin da ya fi damuna tazarar kuskure ce, wato yadda adadin zai iya kaucewa sama ko ƙasa da na gaskiya, don ita ake fara jefarwa in ana zana jadawali. Ga misali: bara dala 52,000, bana 55,000, kowanne da tazarar 3,000. A raba tazarar 3,000 da 1.645, lambar da ke tafiya da tabbacin kashi 90 cikin ɗari da ake fitar da tazarar a kansa, an samu kusan 1,824. A ninka shi da kansa, a haɗa na shekarun biyu, a ɗauki tushen jimlar, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da jimlar: kusan 2,580. Bambancin 3,000 a raba da 2,580 ya ba da 1.16, bai kai 1.645 ba. Ke nan ba a da hujjar cewa an samu ƙari, duk da ido ya ga ƙarin kusan kashi 6 cikin ɗari. A ƙaramar gunduma haka sakamakon kan fito sau da yawa, kuma wallahi ana yanke shawara kan irin wannan tsallen.

Sannan a ACS na shekara biyar, kada a jera 2017-2021 kusa da 2018-2022. Shekara huɗu cikin biyar bayanai ɗaya ne. 2013-2017 da 2018-2022 su ne abokan gwaji.

Mai haɗa bayanai: Hajiya mai duba rahotanni ta yi gaskiya. Ga tarkunan haɗa fayil. Lambar FIPS, wato lambar shaidar kowace gunduma, lamba biyar ce, Excel kuma yana cinye sifirin farko, sai gundumomin Alabama da ke farawa da 01 su ƙi haɗuwa. A shigo da ita a matsayin rubutu. Gundumomin ma suna sauyawa: Shannon ta Dakota ta Kudu ta koma Oglala Lakota a 2015, lambarta daga 46113 zuwa 46102. Connecticut ta tashi daga gundumomi 8 zuwa yankunan tsare-tsare 9 a alƙaluman 2022, iyakokin ba su yi daidai ba. Kuma babu cikakken ACS na shekara ɗaya na 2020 saboda korona. A bar gurbin a sarari, kada a cike shi da zato.

Malamin ƙididdiga: In za a haɗa gundumomi biyu, ba a tara adadin tsakiyarsu a raba biyu. A ɗauko teburin B19001 mai rukunin kuɗi 16, a haɗa yawan gidajen kowane rukuni, a nemo rukunin da gida na tsakiya ya faɗa, a kimanta gurbinsa a ciki. A kula kuma da B19113, wannan na iyali ne. Mai zaman kansa shi kaɗai ba ya ciki, shi ya sa adadin yakan fi na gidaje.