Wai Tor ɗin nan da gaske yana ɓoye mutum ko dai zance ne?

Ɗan Fadama:

Salamu alaikum jama'ar zaure, dan Allah masana harkar waya ku taimaka min da shawara. Ni ina wani ƙauye ne ta ɓangaren Kura, noman rani nake yi, albasa da tumatur, wayar ma sai dare nake samun zama da ita. Abin da ke tafe da ni shi ne, yau shekara biyu kenan aka zo aka haƙa mana rijiyar burtsatse, aka kafa allo aka yi hotuna aka watse, wallahi ko sati uku ba ta yi tana ba da ruwa ba, tankin ma yanzu tantabaru ne ke kwana a ƙarƙashinsa, mata da yara sun koma ɗiban ruwan kanal. Na ɗau hotuna ina so in tura wa 'yan jarida a Kano in kuma sa a Facebook amma wanda aka ba aikin mutum ne mai faɗa a ji a garin nan, kuma gonar da Baba ke nomawa aro ce a hannun surukinsa, kun ga in aka gano ni ne ba ni kaɗai abin zai shafa ba. Ƙanena da ke karatu a birni ya ce in sauke wani abu wai shi Tor, wai in na shiga da shi ko aljani ba zai gane ni ba. To tambayata, gaskiya ne? Meye bambancinsa da VPN ɗin da muka yi ta sawa lokacin da aka rufe Twitter? Yana shan data? Kuma ba laifi ba ne a wajen hukuma? Na gode Allah ya bar zumunci.

Malamin Kwamfuta:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tunda kai manomin albasa ne abin ba zai yi maka wuyar ganewa ba don sunan ma daga albasa ya samo asali, shi ya sa za ka ga tambarinsa albasa ce. Bari in kwatanta maka da saƙon tasha. Ka rubuta wasiƙa ka sa a ambulan, ka sa ambulan ɗin cikin wani, shi ma cikin wani, uku kenan kamar ɓawon albasa. Ka ba direba na farko, shi ya ga fuskarka ya san daga Kura kake amma da ya buɗe ambulan na sama abin da zai gani kawai shi ne "kai wa direba wane a tasha kaza". Na biyu bai san ka ba bai san inda wasiƙar za ta ƙare ba, ya karɓa a hannun direba ya miƙa wa direba. Na uku shi ne zai kai ta gidan da aka nufa, ya san gidan amma bai san wa ya aiko ba. Haka Tor yake yi da duk shafin da ka buɗe, sai ya bi ta kwamfutoci uku na 'yan sa kai, kuma akwai dubbansu a ƙasashe daban daban, shafin da ka shiga lambar IP, wato adireshin intanet, ta kwamfutar ƙarshe zai gani, wataƙila a Jamus ko Holan.

VPN kuwa direba ɗaya ne tal. Ya san ka, ya san inda kake aikawa, sai dai ka yarda da shi cewa ba zai faɗa ba. Waɗancan na kyauta da aka yi ta saukewa daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 lokacin rufe Twitter, sun yi amfani wajen tsallake shingen amma ba su ɓoye kowa daga mai kamfanin ba, kuma wanda ya ba ka kyauta yana biyan kuɗin saba, wato kwamfutar da saƙonka ke bi ta kanta, dole ta wani wajen yake fanshewa, ko talla ko sayar da bayananka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Maganar data, saukewar farko za ta ci wajen MB 100, bayan nan ba ya wuce burauza ta yau da kullum da wani abin a zo a gani, matsalarsa nauyi ne, saƙo ya zaga kwamfutoci uku na nesa kafin ya dawo ga sabis ɗinku na ƙauye, bidiyo kam ka haƙura. In za ka sauke a Play Store ka duba ka ga an rubuta The Tor Project a ƙasan sunan, akwai na bogi masu hoton albasa da yawa. Abu na ƙarshe wanda ƙanenka bai faɗa maka ba, abin da ka buɗe a cikin Tor Browser kaɗai yake bi ta wannan hanya. WhatsApp ɗinka da manhajar Facebook da ke kan wayar suna nan suna bin hanyarsu ta da. Kuma in ka shiga akawun ɗinka mai sunanka da hotonka ta cikin Tor to ka sa ambulan uku ne ka rubuta sunanka a ƙasan wasiƙar.

Mai Caji Bakin Kasuwa:

Hmm Malam kai dai kana son abubuwan nan. Ni abin da na ji shi ne Tor ɗin nan hanyar dak web ce inda ake sayar da ƙwaya da makamai, kuma wai sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro shi, to ta yaya wanda ya gina ɗaki zai kasa sanin ƙofar baya?? Ni dai na taɓa sawa a wata Tecno tawa na jira na jira har shayina ya huce bai buɗe ba na goge shi. Kuma Ɗan Fadama bari in gaya maka wani abu a matsayina na wanda waya sama da hamsin ke kwana a shagonsa ranar kasuwa, rabin wayoyin da ake kawo min ba ko makulli a kai, wasu kuma zanen L ne kowa ya sani, saƙo na shigowa yana fitowa a fuskar waya ana karantawa. Kai a ina kake caji? In a shagon irina ne kuma yaran shago 'yan garinku ne to fara gyara nan tukuna kafin ka je Jamus.

Antin Yara:

Ƙanena sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada kan niyyar. Ni ban san kan kwamfuta kamar su Malam ba amma abin da kake shirin yi na taɓa yin irinsa kuma na sha kunya, shi ya sa na ce bari in yi magana. Ina koyarwa a wata firamare a wani ƙauye nan Jigawa, rufin aji biyu ya yaye tun damina yara na zaune a ƙasa rana na dukansu, sai na buɗe sabon akawun da sunan namiji, na sa hoton doki, na tura hotunan a wani guruf na 'yan ƙaramar hukumarmu ina ganin na yi dabara. Kwana biyu ba a yi ba aka kira ni ofis. Ba wanda ya bi wata lambar IP, ba ɗan sanda ba kowa. Hoton ne kawai aka kalla aka ga daga tagar ajina aka ɗauke shi, inuwa ta nuna da safe ne lokacin da ni kaɗai ce a wannan ɓangaren, sannan wai ni kaɗai ce a malaman nan ke rubuta "fisabilillahi" a farkon magana da alamar tambaya uku a ƙarshe. Wata abokiyar aikina ce ta gane, ita kuma ba da mugunta ba ta faɗa a wajen hira, shi kenan magana ta yi ƙafa.

To kai ma duba naka. Mutum nawa ne a garinku ke da babbar waya kuma suka iya rubutu mai tsawo haka? Mutum nawa ne aka taɓa ji suna ƙorafin rijiyar nan a majalisa ko bayan sallar Magariba? In kai ne ka fi kowa zafi a kai to ko daga Makka aka turo hoton kai za a fara kallo. Waye ya gan ka tsaye kana ɗauka, ko yara ne, don yara ba sa riƙe magana. A birni mutum ɗaya cikin miliyoyi yana iya ɓacewa amma mu nan an san tafiyar kowa daga nesa, ko rawani ka naɗa ka rufe fuska za a ce ai ɗan gidan wane ne. Ni shawarata kar ka sa a Facebook da kanka ko da wane suna ne. Ka ba ɗan jarida shi ya zo da ƙafarsa ya ɗau nasa hoton ya tambayi matan da ke bakin kanal, kowa ya gan shi baƙo ne da makirufo. Kuma ka yi shawara da Baba kafin komai tunda gonarsa ce a tsakiya, kar ya ji a bakin duniya.

Malamin Kwamfuta:

Anti Allah ya saka da alheri, kin faɗi abin da ya fi nawa muhimmanci. Akwai ma misalinsa a Amurka, a 2013 wani ɗalibin jami'ar Harvard ya tura saƙon ƙaryar bam ta Tor don a ɗage jarrabawa, ba a fasa Tor ɗin ba, kawai aka duba su waye suka hau Tor da wayfai ɗin makarantar a daidai lokacin, aka same shi ya amsa. Wato kamfanin layinka ba ya ganin me kake buɗewa amma yana ganin ka hau Tor, kuma tun ƙarshen 2020 aka fara tilasta haɗa layi da NIN, layin sunanka ne da hoton yatsunka. Akwai abin da suke kira gada a cikin saitin, irin su obfs4 da Snowflake, suna ɓatar da kamannin abin yadda ba za a gane Tor ba ne cikin sauƙi.

Mai Caji, rabin maganarka gaskiya ce. A ɗakin binciken sojan ruwan Amurka aka fara aikin a tsakiyar shekarun 1990, aka sake shi ga jama'a a farkon shekarun 2000, tun 2006 kuma ƙungiya ce mai zaman kanta ke riƙe da shi, kuma sun daɗe suna karɓar tallafin gwamnatin Amurka ba su ɓoye ba. Amma rubutun manhajar a buɗe yake kowa na iya dubawa, masana a ƙasashe da yawa sun shekara suna tona shi. Masu laifi na amfani da shi, haka ne, kasuwar Silk Road a can take har aka kama mai ita a 2013, amma Facebook ma ya buɗe adireshinsa na Tor a 2014, BBC ta buɗe nata a 2019 saboda ƙasashen da ake toshe ta. Babur ma ai ɗan fashi na hawa mai kai mara lafiya asibiti na hawa.

Batun hukuma, sauke Tor ko VPN shi kansa ba laifi ba ne a dokar Najeriya. Inda ake kama mutane shi ne abin da suka rubuta, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha amfani da shi a kan 'yan jarida da masu rubutu a soshiyal midiya, an yi masa gyara a 2024 amma ƙarar ɓata suna tana nan. Don haka ka tsaya kan abin da ido ke gani, ga rijiya ga allo ga ranar da ta daina aiki, kar ka kira kowa ɓarawo. Sannan hoton waya yana iya ɗauke da samfurin wayar da lokaci har da lokeshan a cikinsa, musamman in ka tura shi a matsayin dokumen, ka yi masa sikirinshot ka tura sikirinshot ɗin. Sabon akawun ɗin Facebook ta Tor kuwa sau da yawa kulle shi suke su ce kawo lambar waya, ka ga an dawo gidan jiya.

Ɗan Fadama:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Anti wallahi jikina ya yi sanyi don ranar da na ɗau hotunan yaran gidan maƙwabcinmu na wajen har ɗaya ya ce in ɗauke shi shi ma, kuma ni ne na tada maganar a wajen ɗaurin aure watan jiya kowa ya ji. Na fasa sawa a Facebook. Na yi wa Baba maganar jiya bayan Isha ya yi shiru can ya ce in bari a kwashe albasa tukuna, saura kamar sati uku, sannan in je Kano da kaina in samu 'yan rediyon baki da baki ba ta waya ba. Tor ɗin dai na sauke don in gani, sai da na hau kan gadar kanal inda sabis ya fi ƙarfi, ya yi kusan minti biyu yana juyi sannan ya buɗe, wani shafi ma da Jamusanci ya fito min na kasa gane komai. Malam in na goge shi yanzu akwai abin da zai rage a wayar ne? Mai Caji kuma na sa lambobi shida na cire zanen.

Mai Caji Bakin Kasuwa:

To madalla, amma dai ba shekarar haihuwarka ka sa ba ko, don ita ce farkon abin da yaran shago ke gwadawa. In ka shigo Kano ka taho mana da albasa ko rabin kwando ne.